Harshen Labaran Kasuwa da Aljihun Mai Zuba Jari

Labaran kasuwanci da jaridu da gidajen rediyo da talabijin ke kawowa kullum sukan zo wa mai sauraro da kamannin lissafi tsantsa, domin cike suke da alƙaluma da sunayen kamfanoni, amma duk wanda ya tsaya ya auna jimlolin da ake ɗora alƙaluman a kansu zai tarar da wuya a samu guda wadda ba ta ɗauke da adon harshe. Ana cewa farashi ya hau ko ya faɗi, kasuwa ta farfaɗo ko ta durƙushe, naira ta sha kashi a hannun dala, tattalin arziki ya kamu da mashasshara, alhali farashi ba shi da ƙafar hawa, kasuwa ba ta suma balle ta farfaɗo, kuma babu dandalin da naira da dala suka taɓa gwada ƙwanji. Abin da ya faru a zahiri shi ne dubban mutane sun saya, dubbai sun sayar, lambar yau ta bambanta da ta jiya. Tazarar da ke tsakanin wannan sauyin lamba da hoton da ɗan jarida ya zana da kalmominsa ita ce ta ja hankalin masana harshe da masana halayyar ɗan Adam da na tattalin arziki, domin akwai shaidar cewa hoton yakan raka mai karatu har zuwa lokacin da zai yanke shawarar inda zai sa kuɗinsa.

Manazarta adabin Hausa sun daɗe da raɗa wa waɗannan dabaru sunaye, kuma rabe-raben da Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero ya yi amfani da su wajen feɗe waƙa sun dace da wannan fage matuƙa. Kamantawa ita ce a ce wani abu kamar wani yake, inda kalmar "kamar" ko "tamkar" ke sanar da mai sauraro cewa kwatance ake yi. Siffantawa kuwa, wadda ita ce jigon wannan bayani, takan cire kalmar kwatancen ta ce abu kaza shi ne abu kaza kai tsaye, ta yadda mai sauraro ba ya samun gargaɗin cewa an bar zahiri an shiga hoto. A kusa da ita akwai mutuntarwa, wato a ba abin da ba mutum ba halin mutum, da dabbantarwa, wato a ba shi halin dabba, da abuntarwa, wato a mai da shi sandararren abu marar rai. A shekarar 1980 wasu malamai biyu na Amurka, George Lakoff masanin harshe da Mark Johnson masanin falsafa, suka wallafa littafi mai suna Metaphors We Live By, inda suka kafa hujja cewa siffantawa ta wuce kwalliyar mawaƙa, domin da ita ɗan Adam ke fahimtar duk abin da ba ya iya gani ko taɓawa, ta hanyar aro siffar abin da ya saba da shi. Ɗaya daga cikin misalansu shi ne yadda mutane ke ɗaukar ƙaruwa a matsayin hawa sama, raguwa kuma a matsayin saukowa ƙasa, kuma a kan wannan tubali aka gina kusan dukkan harshen kasuwa.

Muhimmancin lamarin ga mai jari ya taso ne daga wata siffa da kowane hoto ke da ita, wato ba ya tsayawa a kan abin da ya riga ya faru, sai ya zo da abin da ake tsammani zai biyo baya. Wanda aka ce yana hawa dutse yana da niyyar kai wa ƙololuwa, don haka idan ba a tare shi ba gobe ma hawa zai yi. Marar lafiyar da aka ce ya farfaɗo ana sa ran ya miƙe. Abin da aka ce ya yi nitso ana jiran ya taɓo ƙasa, abin da aka ce ya kumbura ana jiran ya fashe. Ɗan jaridar da ya zaɓi ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi ya yi hasashen gobe ba tare da ya ce hasashe yake yi ba, kuma ba tare da an nemi ya kawo dalili ba, alhali sanannen abu ne ga masu nazarin kasuwannin hannayen jari cewa motsin farashi na yini guda ba ya faɗar wani abin kirki game da motsin kashegari.

Binciken da ya fi fito da wannan fili shi ne wanda Michael Morris na Jami'ar Columbia ya yi tare da Oliver Sheldon da Daniel Ames da Maia Young, aka wallafa a 2007. Sun raba siffantawar da masu sharhin kasuwa ke yi gida biyu. Kashi na farko shi ne wanda ke nuna farashi a matsayin mai rai da niyya, kamar a ce ma'aunin kasuwa ya yi tsalle, ko ya yunƙura ya haura, ko ya fafata ya ƙwato abin da ya rasa, wanda a ma'aunin manazartan Hausa mutuntarwa ce ko dabbantarwa. Kashi na biyu shi ne wanda ke nuna farashi a matsayin abu marar rai da wani ƙarfi ke turawa, kamar a ce ya gangara, ya zame, ya faɗo, wato abuntarwa. Sai suka nuna wa mutane motsin farashi iri ɗaya, wasu aka haɗa musu da sharhi mai mutuntarwa, wasu da mai abuntarwa, wasu kuma da bayani marar ado, aka tambaye su abin da suke tsammani kashegari. Waɗanda suka karanta sharhin da ya ba farashi rai sun fi sauran tsammanin cewa alƙiblar da aka ɗauka za ta ɗore, duk da cewa alƙaluman da ke gabansu ba su bambanta da na sauran ba.

Rabi na biyu na binciken ya fi tayar da hankali. Masanan sun bi diddigin sharhin ƙarshen yini na tashar CNBC, wadda 'yan kasuwar Amurka ke kallo, suka tarar cewa masu sharhi sun fi ba farashi rai a ranakun da ya tashi, musamman idan tashin ya zo a jere ba tare da tangal-tangal ba, sannan sun fi mai da shi sandararren abu a ranakun da ya sauka. Hakan ya tabbata a lokacin da kasuwa ke bunƙasa da kuma lokacin da take ja da baya, kuma da aka sa mutanen da ba 'yan jarida ba su yi sharhin da kansu, su ma haka suka yi. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya lura da duniya, domin abin da ke hawa sama a hankali galibi mai rai ne, abin da ke faɗowa kuwa ko dutse yana iyawa. Idan aka haɗa sakamakon biyu sai a ga cewa harshen sharhi yana da karkata da ba wanda ya shirya ta: tashin farashi yakan zo wa mai sauraro a matsayin aikin mai niyya wanda zai ci gaba, faɗuwa kuma a matsayin tsautsayin da zai wuce. Mai sauraron da ke shan wannan kullum yakan ƙara saye daidai lokacin da kaya suka riga suka yi tsada.

Abin da ke ƙara wa siffantawa ƙarfi shi ne mutum ba ya jin shigarta. A 2011 Paul Thibodeau da Lera Boroditsky na Jami'ar Stanford sun ba mutane rahoto kan yawaitar laifuka a wani gari, alƙaluma iri ɗaya, sai dai a wani rahoton an kira laifin dabbar daji mai farautar gari, a wani kuma ƙwayar cuta mai addabar gari. Waɗanda aka ba dabbar daji sun fi karkata ga kamu da ɗauri, waɗanda aka ba ƙwayar cuta sun fi na farkon karkata ga binciken musabbabi da gyaran al'umma, kuma da aka tambaye su abin da ya rinjaye su, mafi yawa alƙaluman suka nuna, ƙalilan ne suka ambaci kalmar. Wasu masana da suka maimaita gwajin daga baya ba su sami tasiri mai ƙarfi haka ba, don haka muhawara na nan kan girmansa, amma darasin da ya shafi mai jari yana tsaye, wato yana iya rantsuwa cewa lissafi ya bi alhali hoton da aka naɗe lissafin a ciki ne ya ja shi.

Shaida daga kasuwar kanta ta zo ne a wani bincike na Paul Tetlock, shi ma na 2007, wanda ya ƙirga kalmomin fargaba da yanke ƙauna a wani shafin sharhi na yau da kullum na jaridar Wall Street Journal daga 1984 zuwa 1999. Ya gano cewa idan irin waɗannan kalmomi suka yawaita, farashi yakan ɗan sauka kashegari, sannan cikin 'yan kwanaki ya koma kusa da inda yake, abin da ke nuna cewa kalmomin sun motsa zukata ne ba tare da sun kawo sabon labari game da ainihin darajar kamfanoni ba. Ya kuma gano cewa saye da sayarwa sukan ƙaru idan harshen shafin ya yi tsanani ta kowane ɓangare. Wannan yawan shiga da fita yana da tsada, kamar yadda Brad Barber da Terrance Odean suka nuna bayan nazarin asusun gidaje fiye da 66,000 a Amurka tsakanin 1991 da 1996, inda waɗanda suka fi kowa yawan ciniki suka sami ribar kashi 11.4 cikin 100 a shekara, alhali kasuwar gaba ɗaya ta ba da kashi 17.9. Harshen da ke sa mutum ya ji cewa kullum akwai yaƙin da za a shiga ko jirgin da zai tashi ya bar shi, harshe ne da dillali ke cin ribarsa, domin kowace shiga da fita akwai la'adarta.

Dabbobi biyu ne suka mamaye harshen kasuwannin hannayen jari tun ƙarni na 18 a Landan, kuma jaridun Turanci na Najeriya suna ambatonsu kusan kowace rana. Bijimi shi ne alamar kasuwa mai tashi, beya kuwa, wato ƙatuwar dabbar nan mai gashi ta ƙasashen sanyi, ita ce alamar kasuwa mai sauka, kuma asalinta daga 'yan cinikin da ake cewa suna sayar da fatarta kafin su kama ta. Bayan faɗuwar ranar 19 ga Oktoba 1987, lokacin da ma'aunin Dow Jones ya rasa kashi 22.6 cikin 100 a yini guda, wani mai sassaƙa, Arturo Di Modica, ya ƙera gunkin bijimi na tagulla ya ajiye shi a unguwar 'yan kasuwar kuɗi ta New York a 1989, kuma har yau masu yawon buɗe ido na tururuwa wurinsa. Illar wannan dabbantarwa ita ce takan mai da miliyoyin mutane masu saɓanin ra'ayi halitta guda mai hali guda, alhali duk hannun jarin da wani ya saya don yana ganin zai tashi, wani ne ya sayar masa don yana ganin akasin haka ko don buƙata ta taso masa. Haka kuma al'adar 'yan kasuwar ta sa iyakoki, inda saukar kashi 10 cikin 100 ake kiranta gyara, ta kashi 20 kuma kasuwar beya. Babu wata dokar lissafi da ta zaɓi waɗannan lambobi, amma kalmar gyara kaɗai ta isa ta gaya wa mai karatu cewa farashin baya kuskure ne, na yanzu ne daidai, kuma abin ya ƙare, duk kuwa da cewa kowace babbar faɗuwa sai da ta ratsa ta kashi 10 kafin ta wuce.

Akwai lokacin da suna guda ke buɗe wa ƙasashe ƙofar jari. A 1981 Antoine van Agtmael, wani masanin tattalin arziki ɗan ƙasar Holan da ke aiki a IFC, reshen Bankin Duniya mai hulɗa da kamfanoni masu zaman kansu, ya nemi masu kuɗi a New York su zuba jari a wani asusu da ya sa wa sunan ƙasashen duniya ta uku, aka nuna masa cewa da wannan suna ba zai sayu ba, domin abin da yake kawowa a zuciya shi ne talauci da koma baya. Sai ya sauya shi zuwa kasuwanni masu tasowa. Ƙasashen ba su sauya ba tsakanin suna na farko da na biyu, amma na biyun yana ɗauke da alƙibla, kuma a yau manyan asusun jari na duniya suna da sashe mai wannan suna. Haka aka kira Koriya ta Kudu da Taiwan da Hong Kong da Singafo damisoshin Asiya, aka kira maƙwabtansu irin su Tailan da Malesiya da Indonesiya 'ya'yan damisa, kuɗi suka kwarara. Da Tailan ta saki kuɗinta a ranar 2 ga Yuli 1997 darajarsa ta zube, harshen jaridu ya juya daga dawa zuwa asibiti, aka shiga maganar annoba mai yaɗuwa da murar Asiya. Wanda ya ji annoba ba ya tsayawa tantance wane ne mai lafiya a unguwar, gudu yake yi, kuma janye jarin da aka yi a lokaci guda ya jefa ƙasashen da matsalolinsu suka bambanta cikin rami ɗaya. Afirka ma ta ɗanɗana wannan juyi a bangon mujallar The Economist, wadda ta kira ta nahiyar da aka fid da rai da ita a 2000, sannan a 2011 ta kira ta nahiya mai tashi, duka biyun hukunci guda a kan ƙasashe fiye da 50.

Babu kalmar da aka fi jayayya a kanta kamar kumfa, wadda ta samu gindin zama tun rikicin kamfanin South Sea na Ingila a 1720, kuma ana nufin farashin da ya kumbura ya zarce ainihin darajar kaya har ya zama fashewa kawai ake jira. Masu riƙe da manyan muƙamai sun san nauyinta, shi ya sa suke kaffa-kaffa da ita. A 2005, lokacin da farashin gidaje a Amurka ke ta hauhawa, shugaban babban bankin ƙasar, Alan Greenspan, ya ƙi amincewa da cewa akwai kumfa guda babba a faɗin ƙasa, ya zaɓi wata kalmar da ke nufin 'yan ƙananan kumfa-kumfa irin waɗanda ke taruwa a saman abin sha, ya ce su ake gani a wasu garuruwa. Irin wannan kumfa takan kwanta da kanta ba tare da ta yi ƙara ba, kuma saƙon da masu saye da masu ba da bashi suka ɗauka ke nan. A Maris 2007 magajinsa, Ben Bernanke, ya gaya wa majalisar dokoki cewa da alama matsalar basussukan gidaje na masu ƙaramin ƙarfi za ta tsaya a killace. Farashin gidaje ya faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu daga ƙololuwarsa ta 2006, bankin Lehman Brothers ya rushe a ranar 15 ga Satumba 2008, kuma killacewar ba ta hana rikicin isa kowace nahiya ba. Duk da haka kalmar kumfa ita ma tana da nata haɗari, domin takan sa mutum ya sayar da wuri ya zauna jiran fashewar da za ta iya ɗaukar shekaru. Lokacin da Greenspan ya yi gargaɗin zumuɗin da ya wuce hankali a Disamba 1996, kasuwar ta ci gaba da tashi fiye da shekara uku kafin ma'aunin Nasdaq ya kai 5,048 a ranar 10 ga Maris 2000, sannan ya rasa kusan kashi 78 cikin 100 zuwa Oktoba 2002. Biyu daga cikin masana ukun da suka raba kyautar Nobel ta tattalin arziki ta 2013 ma ba su daidaita ba, domin Robert Shiller ya gina aikinsa a kan kumfa da labaran da ke hura ta, Eugene Fama kuwa yana ganin kalmar ba ta da amfani muddin ba a iya nuna kumfar kafin ta fashe.

Najeriya ta ga nata rabon a kusan lokaci guda da rikicin 2008. Bayan da babban banki a ƙarƙashin Charles Soludo ya ɗaga mafi ƙarancin jarin banki zuwa naira biliyan 25, bankuna suka ragu daga 89 zuwa 25 a ƙarshen 2005, aka shiga sayar wa jama'a hannayen jari ba ƙaƙƙautawa, ma'aikata da 'yan fansho da 'yan kasuwa suka shiga layi da takardun cikewa, wasu da bashin da bankunan suka ba su don sayen hannayen jarin. Shafukan kasuwanci na lokacin cike suke da bijimai masu mamaye fili da bankuna masu zama ƙattai. Ma'aunin kasuwar hannayen jari ta Legas ya haura 66,000 a farkon Maris 2008, kuma cikin shekara guda ya rasa kusan kashi 70 cikin 100, jimillar darajar hannayen jarin ta sauko daga fiye da naira tiriliyan 12 zuwa ƙasa da tiriliyan 5. A farkon saukar an yi ta kiranta gyara, kalmar da ta dace da wanda yake son ya riƙe abin da ke hannunsa, ta kuma cutar da wanda ya saya da bashi mai ruwa. A Agusta 2009 sabon gwamnan babban banki, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar, a 2010 kuma aka kafa hukumar AMCON don ta saye basussukan da a lokacin aka koma kira masu guba. Tabbas janyewar masu jari na waje da faɗuwar farashin mai da sakacin masu sa ido su ne manyan dalilan rikicin, amma harshe ne ya sa talakan da bai taɓa karanta rahoton kuɗin kamfani ba ya ji cewa zama a gefe shi ne wauta.

Hausa tana da nata hotuna, kuma suna aiki a kan masu ajiyar dala da masu ajiyar hatsi kamar yadda bijimi ke aiki a kan masu hannun jari. Idan aka ce farashi ya yi tashin gwauron zabo, hoton da ke zuwa shi ne na tsuntsun da ya fyalle sama shi kaɗai ba tare da waiwaye ba, kuma babu saukowa a cikin hoton. Idan aka ce naira ta faɗi warwas, an nuna ɗan kokawar da aka kayar aka gama da shi. A Fabrairu 2024, lokacin da dala ta kusa naira 1,900 a kasuwar bayan fage, irin waɗannan kanun labarai ne suka cika ko'ina, mutane da yawa suka mai da ajiyarsu dala a wannan farashi, sai ga shi a Afrilu ta sauko kusan naira 1,100 kafin ta sake ɗagawa. Haka waɗanda suka cika rumbuna da masara a kakar 2024 bisa tsammanin cewa tsadar bara za ta maimaita kanta suka gamu da saukar farashi a 2025, bayan da gwamnati ta sassauta harajin shigo da abinci. Akwai kuma maganar nan ta a bar kasuwa ta yi halinta, wadda aka yi ta ji bayan sakin naira a Yuni 2023, kuma ita mutuntarwa ce mai nauyi, domin ta mai da kasuwa wata halitta mai ɗabi'ar da ba a tuhuma, ta ɓoye hannayen da ke cikinta, wato babban banki da manyan dillalai da masu shigo da kaya, waɗanda kowannensu yana da suna da muradi.

A fagen kuɗin intanet, wato kirifto, siffantawa ta zama ita ce hajar da ake tallatawa. An kira Bitcoin zinaren zamani, sunan da ke alkawarin riƙe daraja, amma ya sauko daga kusan dala 69,000 a Nuwamba 2021 zuwa kusan 16,000 bayan shekara guda. An kira wasu kuɗaɗen tsayayyu, sai ga TerraUSD ya rushe cikin 'yan kwanaki a Mayu 2022. Matasan Arewa da suka duƙufa kan danna waya a manhajar Telegram a 2024 sun kira abin da suke yi haƙa, kalmar da ke nuna cewa dukiyar tana nan kwance a ƙasa, ƙoƙari kawai take jira, kuma ranar da ake sa ran samu ita suke kira ranar da abin zai fashe. Ɗaya daga cikin irin waɗannan wasanni na dannawa, Notcoin, ta ba wasu abin a zo a gani a Mayu 2024, labarin ya bazu, amma da kuɗin takwararta Hamster Kombat ya fito a Satumba mafi yawan waɗanda suka yi watanni suna danna ta abin da suka samu bai taka kara ya karya ba. Kafin wannan, shirin MMM na Sergei Mavrodi, wanda ya yi alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata, ya kira zuba kuɗi ba da taimako, kuma da ya daina biya a Disamba 2016 ya ce ya daskarar da asusu ne na ɗan lokaci. Kafafen labarai da dama sun maimaita kalmar yadda aka ba su, alhali abin da ya daskare yana nan ne yana jiran narkewa, kuɗin jama'a kuwa an riga an biya waɗanda suka riga su shiga da shi.

Adalci ne a ce tasirin yana tafiya ta ɓangarori biyu, domin farashi ne ke fara motsawa ɗan jarida ya nemi kalmar da za ta dace da shi, sannan kalmar ta koma ta taɓa farashin gobe, kuma manyan asusun jari masu ma'aikatan lissafi ba sa motsuwa da kanun labari kamar yadda ɗaiɗaikun mutane ke yi. Ba kuma zai yiwu a tsarkake harshen kasuwa daga ado ba. Ilimin tattalin arziki kansa da shi aka gina shi, tun daga ɓoyayyen hannun Adam Smith na 1776 har zuwa ɗaukar kuɗi a matsayin ruwa mai gudana, wanda a 1949 Bill Phillips ya mai da shi na'ura ta gaske a Landan, mai bututu da tankuna da ruwa mai launi, don nuna yadda kuɗi ke zagayawa a ƙasa. Bahaushen da ya kira jari uwar kuɗi shi ma siffantawa ya yi, kuma mai amfani ce, domin tana tunatar da ɗan kasuwa cewa idan ya cinye uwa babu sauran haihuwa.

Nauyi mafi girma a ƙasar Hausa yana kan masu fassara a ɗakunan labarai, domin mafi yawan rahotannin kasuwanci da Turanci ko Faransanci suke isowa, kuma mai fassara yakan ƙara wa hoton gishiri don ya yi daɗi a kunne, ta yadda saukar kashi 2 cikin 100 za ta koma faɗuwa warwas, ƙarin naira kaɗan ya koma tashin gwauron zabo. Mai sauraron rediyo ba shi da jadawali a gabansa da zai gwada kalmar da lambar, kalmar ce kaɗai ke isa gare shi. Rahoton da ya mutunta shi zai gaya masa nawa farashin yake a da da nawa yake yanzu, cikin kwana nawa aka sami sauyin, yadda yake idan aka gwada shi da na bara bayan an cire hauhawar farashi, da kuma ko wanda ya yi sharhin dillali ne mai hajar da yake son a saya. Saukar kashi 2 a yini guda abu ne da kasuwannin hannayen jari ke gani sau da dama a shekara, kuma editan da ya tanadi kalmar rushewa don rana irin ta Oktoba 1987 ko shekara irin ta 2008 zai sami abin faɗa wa jama'a idan irin wannan rana ta sake zuwa.